Piyanon da Muka Kulle wa Habila

Shekara talatin da biyar ke nan da muka binne ƙanena Habila, kuma har yau ban huce ba. An sha gaya mini cewa tsufa na sanyaya zuciya. Ni dai nawa tsufan gwiwoyi kawai ya taɓa. Na yi rayuwata ina koyar da 'ya'yan mutane tarihi, ina jaddada musu cewa mai waiwaye sai ya ajiye fushinsa a bakin ƙofa kafin ya ɗauki alƙalami. Yau zan karya dokar ajina, a shafin jarida, kowa na gani.

Habila ya biyo ni Kaduna daga ƙauyenmu yana ɗan shekara goma sha tara, ya sami aiki a wata masaƙa a Kakuri, muka zauna tare a ciki da falo a Unguwar Boro. Wanda bai taɓa shiga ɗakin saƙa ba, ba zai gane irin ƙarar da ake ciki ba. Injuna ne jere, kowanne na buga nasa, tun safe har a tashi. Ma'aikatan ba sa jin juna, saboda haka suka koyi karanta leɓe: daga wannan bango mutum zai zagi abokinsa na wancan bangon, a yi dariya, ba a ji sautin kowa ba. Abin toshe kunne kuwa, auduga ce, sai ka tsinta a ƙasa ka cusa. Habila da kunne ɗaya ya shiga wurin, don na hagun ƙyanda ta tafi da shi tun yana rarrafe.

Yana da shekara ashirin da huɗu, a farkon shekarun tamanin, wata rana ya tashi aikin safe, ruwa ya tsare shi a Barnawa. Ya jingine kekensa ya fake a barandar wani gida. Ruwan ya ɗauke, bai tafi ba. Wani ruwan ya sake saukowa, shi ne ya doke shi har gida. Ya shigo yana ɗiga a kan takardun ɗalibaina, ya ce, "Yaya, na ga mutum ɗaya yana yin murya huɗu."

Na ce masa ya fara cire rigar tukuna.

Ba wai mun taso ba kiɗa ba ne. Mun san ganga, mun san tulu da kacau-kacau na zumuntar mata, mun san kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan majami'a, mai murya huɗu wadda sai an tara mutum ashirin an yi wata guda ana rigima kafin ta daidaita. Abin da Habila bai taɓa sani ba shi ne, duk muryoyin nan za su iya fitowa daga yatsun tsohuwa guda, tana zaune gaban piyano, shayinta na gefe yana hucewa.

Tsohuwar nas ce mai ritaya, 'yar ƙasar Saliyo, kowa na kiranta Mama Saro. Ta gan shi ta taga, ta kira shi ciki don ta ɗauka yunwa ce ta tsayar da shi. Da yake idon asibiti gare ta, nan take ta lura yana karkato mata gefen kansa na dama. Ta haska kunnen da tocila, ta tambayi inda yake aiki, ta ce, "Ɗana, ko ka bar masaƙa, ko masaƙa ta cinye wannan da ya rage." Barin aiki a wancan zamani, ana ta sallamar mutane, ga iyaye da ƙanne a ƙauye duk suna kallon hannunsa, ba magana ce da za a yi ba. Saura hanya ɗaya: ya koyi piyanon a wurinta da sauri, tun kunnen na nan.

Wata takwas ya yi yana zuwa wurinta, Talata da Juma'a da yamma. Yatsun da suka saba ƙulla zaren da ya tsinke alhali inji na gudu, ba su sha wuyar madannai ba; hannun hagu ne kawai ke makara, Mama Saro na bugunsa da fensir. A gida teburin da nake duba jarrabawa ya zama piyano, har na taɓa mayar wa wata ɗaliba littafinta da shatin yatsu biyar na baƙin mai. Ya iya waƙoƙin sujada huɗu daga farko har ƙarshe. A cikin ta huɗun akwai wani wuri, a layi na uku, inda hannun hagu zai yi tsalle mai nisa; kullum sai ya ɗan tsaya a nan, kamar mai haɗiyar yawu, sannan ya ci gaba. Mama Saro ta ce wata biyu za su gyara wannan.

Ba ta sami wata biyun ba. 'Ya'yanta suka matsa ta koma gida. Piyano ba zai shiga ƙofar ɗakinmu ba, rufin ma yana yoyo, sai ta ba majami'armu kyauta, tare da wasiƙa mai layi huɗu cewa ta bayar ne domin Habila ya ci gaba da koyo, ikilisiya kuma ta amfana. Ni na karanta wa kwamitin dattawa wasiƙar, na fassara ta. Ni ne sakatarensu, saboda rubutuna yana da kyau.

A nan sai na yi wa masu karatu bayanin wata al'adarmu. Duk abin da ya shigo ɗakin Ubangiji, ba a amfani da shi sai an keɓe shi da addu'a. Al'ada ce mai kyau, ban da ja a kanta. Benci, ƙararrawa, kofunan jibin Ubangiji, agogon bango, duk na ga an keɓe su ranar Lahadi cikin minti biyar, an wuce. Amma lokacin muna sujada ne a ƙaramin ɗakin kwano, an kuma riga an haƙa harsashin sabon gini. Shugaban kwamiti, Baba Gambo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa wanda ya yi imani cewa kowane abu da tasharsa, ya zagaya piyanon sau biyu, ya shafa shi, ya ce, "Malam Sakatare, wannan ba tsintsiya ba ce da za a keɓe tsakanin sanarwa da baiko. Ranar buɗe sabon gini, babban baƙo zai ɗora masa hannu. Rubuta."

Na rubuta.

Aka kai shi sito, ɗaki mai daɓen ƙasa, aka jingina shi da bango kusa da katakon gini. Aka kulle murfin, mabuɗi ya shiga igiyar wuyan Baba Gambo tare da tsohon usur ɗinsa. Kada wani ya ce mun wulaƙanta kayan Allah. Kowace Asabar mata na goge shi har sai sun ga fuskarsu a jikinsa. An saƙa masa mayafin leshi. An ɗora masa furen roba. Ban taɓa ganin abin da aka kula da bayansa haka ba, aka kuma hana kowa leƙa cikinsa.

Habila ya zo gaban kwamiti, hula a hannu. Ya ce, "Baba, awa ɗaya kawai nake roƙo, ranar Asabar. Ba a cikin sujada ba."

Baba Gambo ya ce, "Ɗana, gaggawar me kake yi? Gudu zai yi?"

"Shi ba zai gudu ba, Baba. Kunnena ne ke gudu."

Dattawa suka yi dariya, suka ce yaron nan akwai ban dariya. Ni ban yi dariya ba, amma ban yi magana ba, kuma a littafin taro ba a rubuta wanda bai yi dariya ba.

Siminti ya ɓace a kasuwa, kamar yadda duk wanda ya ga wancan zamanin zai tuna. Gini ya kai taga ya tsaya, ciyawa ta fito a inda mumbari zai zauna. Shekara huɗu. Littafin taron yana wurina har yanzu, na ƙirga: sau goma sha ɗaya na rubuta "an ɗage maganar piyano zuwa zama na gaba," da rubutun nan nawa mai kyau, ko gogewa babu. Me ya hana ni buga tebur? Ina tsoron a ce sakatare na yi wa ƙanensa kamfe. Kuma, tun da yau ranar faɗin gaskiya ce, ina hangen kujerar dattijo. Na same ta daga baya. Katako ce kamar kowace kujera.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Baba Gambo ba mugu ba ne. Da mugu ne, da na tsane shi na huta. Mutum ne mai tsoron Allah wanda ya fi ganin girman biki a kan dalilin bikin, mu kuma sauran muna gyaɗa kai don gyaɗa kai ya fi sauƙi. Akwai piyano a manyan majami'u na ƙetaren kogi, amma ba wanda zai buɗe wa ɗan masaƙa mai warin baƙin mai. Namu na nan, taku arba'in daga bencin da yake zama kowace Lahadi, sanye da leshi.

A shekarun nan huɗu na ga kunnen yana tafiya. Rediyo ya fara damun maƙwabta. Muryarsa ta ƙaru, har gaisuwarsa ta koma kamar faɗa. In ka kira shi ta baya, sai dai ka jefa masa tsakuwa. Bai daina buga teburina ba ko kwana ɗaya.

Ranar buɗe gini ta zo, da anko da shinkafa da babban baƙo. Aka turo piyano yana sheƙi, aka ɗora masa hannu, aka yi addu'a mai tsawo. Baba Gambo ya ciro mabuɗi daga wuyansa, idonsa cike da hawaye, ya kira Habila da kansa. Wannan kam na ba shi.

Habila ya zauna, ya ɗora yatsu, ya fara waƙar nan ta huɗu. Abin da ya fito, ƙwas-ƙwas ne na katako, sai can a ji sauti ɗaya ya yi tsalle shi kaɗai kamar kaza a kasuwa. Gara ta hau ta daɓen ƙasa ta cinye cikin, ɓeraye sun kwashe abin da ta rage. Jar ƙasa na zubowa a kan takalminsa. Shi kuwa kansa na sunkuye a kan yatsunsa, yana bugawa da dukan ransa, kafaɗunsa na tashi suna sauka. Babban baƙo ya dubi silin, wanda shi ma sabo ne.

Mama Tabita, shugabar zumuntar mata, ita ta cece mu. Daga 'yan sautukan da suka tsira ta gane waƙar, ta jawo tulunta ta fara bugawa, ta ɗaga murya, mata suka amsa, sannan kowa. Idonsu na kan kafaɗun Habila, suna bin sa. Da ya iso layi na uku ya tsaya, sai jama'a duka suka tsaya, suka jira hannun hagunsa ya sauka, aka ci gaba. Haka aka yi a kowane baiti.

A waje, ana rabon abinci, ya jawo ni gefe ya tambaya da muryar nan tasa da ta kai bakin titi, "Yaya, ya fita daidai?"

Na dube shi na ce, a hankali don ya karanta, "Ya fita."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Yaya, mu 'yan masaƙa ba leɓe kaɗai muke karantawa ba." Ya karɓi shinkafarsa ya tafi ya zauna. Bai ƙara buga teburina ba.

Shekara ta zagayo, wata babbar mota ta same shi a kan kekensa wajen Gonin Gora, da rana tsaka. Direban ya rantse ya yi ta danna hon. Na yarda da shi.

Ina yawan tambayar kaina abin da Habila zai ce da ya ga yau. Masaƙar da ta cinye kunnensa ta yi shiru, awaki ke kiwo a ƙofarta. Ƙarar ta ƙaura zuwa majami'u: kowane lungu daga Kamazou har Unguwar Boro akwai piyanon lantarki da lasifika mai tsayin mutum, ana aikin kurmantar da jama'a kyauta kowace Lahadi. Ina jin wannan zai ba shi dariya. Abin da ba zai ba shi dariya ba shi ne kwamiti. Shekarun baya wata budurwa ta nemi a bar ta ta riƙa koyo da na majami'armu a tsakiyar mako, sai na ji wani dattijo mai sabuwar furfura yana cewa a kai maganar zama na gaba. Na miƙe da sandata na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun ina da haƙora. An buɗe mata. Aka yi ta yaba mini, ni kuwa kunya ce ta rufe ni, don na ga ashe abin ba ya ɗaukar minti biyu.

Gangar jikin piyanon tana nan a gaban majami'a, an mayar da ita teburin furanni, ana goge ta har yau. Habila bai bar ɗa ba, bai bar faifai ba, hotonsa ma guda ne, na katin aiki. Amma in kun zo sujada wurinmu ranar da aka ɗauko waƙar nan, ku saurara a layi na uku. Jama'a za su tsaya, numfashi ɗaya, a inda littafi bai ce a tsaya ba. Mutum uku masu koyar da kwaya sun yi ƙoƙarin gyara wannan kuskure, sun gaji sun bari. Matasan da ke rerawa ba su san suna jiran hannun hagun wani ba ne. Ni na sani. Shekara huɗu muka hana shi awa ɗaya. Yanzu ga mu muna biyansa daƙiƙa ɗaya ɗaya, kuma ba ya ji.