Damin Raken da Iya ta Yafe

A ƙauyenmu da ke bayan Dayi, shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai, da an sauke tuwon magariba sai mu kewaye Iya, kakata ta wajen uba. Karan auduga take hura wuta da shi, hayaƙi ya yi ta sa mu hawaye, ba mai matsawa. Ni ce 'yar gaban goshinta, ni ce kuma mai katse ta da tambaya.

Ran nan ta ce, "To, ga wata tafe." Muka ce ta iso.

Wai zabuwa ce ta ba gafiya aron gona. Yadda ake yi a wajenmu, mai aro yakan kai wa mai gona dami guda duk kaka, a gaban mutane, don kowa ya tuna gonar ta wace ce. Shekara ta farko gafiya ta kai. Ta biyu ta zo tana kuka, yara ba lafiya. Zabuwa ta ce, "Bar shi." Ta uku ma kuka, ta huɗu ma haka. A ta biyar gafiya ta ce ai gonar kyauta aka ba ta.

Suka je gaban alƙalin daji. Zabuwa ta ce zamba aka yi mata. Alƙali ya ce, "Zamba sai da ƙarya. Wace ƙarya ta yi miki?" Ta ce, "Ranka ya daɗe, kuka ta yi." Ya ce, "Wa ya ga dami a shekaru ukun nan?" Kowa ya sunkuyar da kai.

Nan Iya ta tsaya. Na ce, "Sai me, Iya?"

"Sai aka tashi, ƙawata."

"Ba a kama gafiyar ba?"

"Ke dai je ki kwanta. Ta ƙare a nan."

Na ji haushi sosai, har na ce tatsuniyarta ba daɗi. Sai da na yi wayo na gane gonar nan fadamar raken Iya ce, wadda kakanmu ya bar mata, gafiyar kuwa maƙwabcinmu ne. A satin da ta yi mana tatsuniyar aka yanke shari'arsu a Malumfashi, aka bar masa fadamar.

Yanzu ina da 'ya lauya a Funtua. Na taɓa tambayarta mece ce zamba a doka. Ta ce mutum ya yaudare ka da gangan, ka yarda, har ka saki abin da yake naka. Na ce, "Kuka fa?" Ta ce, "Yana shiga, Mama, in an tabbatar da niyya aka yi shi." Wa zai shiga zuciyar mutum ya fito da shaida? Har yau abin yana ci mini rai, don ban san me Iya ya kamata ta yi ba, sai dai ta ƙi jin tausayi.

Da Iya ta kwanta ciwon ajali, ba abin da ta nema sai raken fadamarta. Babana ya je wurin maƙwabcin. Saye ya yi.