Ranar da Nelda Woolsey Ta Hau Matakala a Sitiyari

Shekara arba'in da huɗu Nelda Woolsey tana bin hanyar Matakala, amma ba ta taɓa haye dutsen da ya ba hanyar sunanta a cikin mota ba. Da ƙafa take hawa, da baya da baya, tana fuskantar motar, hannayenta a sama. Mijinta Merrill ne a sitiyari.

Haka ake yi a nan kudancin jihar Utah ta Amurka. Idan a-kori-kura ta ɗaga hanci a kan dutse, direba ba ya ganin komai sai bonet da sararin sama, dole wani ya sauka ya zama idonsa. Yatsa ya nuna inda za a karya taya, tafin hannu ya ce taho a hankali, dunƙulen hannu ya ce tsaya. Mutum ɗaya ne ke nuni, kuma direba ba ya musu da hannu.

Nelda tana da shekara saba'in da ɗaya. Ta yi shekara talatin tana dafa abinci a makarantar firamaren garinmu, shi ya sa rabin masu gaishe ta a kanti sun ci burodinta suna yara. Merrill kuwa gireda, motar gyaran hanya, ya tuƙa har ya yi ritaya. Duk watan Oktoba, idan ruwan Agusta ya ɗauke, zafi ya sauka, sai su loda jarkokin ruwa shida, da safaya biyu, da shebur, da tanti, da tukunyar baƙin ƙarfe, su yi mil sittin cikin kwazazzabo zuwa wata maɓuɓɓuga, su kwana biyar. A mil na arba'in da ɗaya Matakala take: tsani uku na jan dutse, bango a dama, rami a hagu.

Da sanyin bara ciwon jijiya ya kama ƙafar Merrill ta dama, har ba ya jin birki a ƙarƙashinta. Likita ya hana shi tuƙi. 'Yarsu Karleen, wadda ke aikin jinya a birnin St. George, ta samo mai sayen motar, ta kuma samo musu gida kusa da ita.

"Mama, ke fa ba ki taɓa tuƙa ta a kan dutse ba," in ji Karleen a waya.

"Na fi babanki sanin dutsen nan. Shi zama kawai yake yi, ni ke aiki."

Daga ƙarshe suka shirya a kan magana ɗaya. Idan su biyun suka haye Matakala da kansu a bana, mota ta zauna, su ma su zauna. Idan suka kasa, a sayar, su tattara. Karleen ta ƙara da cewa sai wata mota ta bi su a baya. Tawa ce ta bi, da yake maƙwabta muke, bayan Nelda ta sa na yi alkawari ba zan ɗaga ko yatsa ba.

Muka isa Matakala da hantsi. Merrill ya rage iskar tayoyi, ya dogara sandarsa, ya hau ya tsaya inda matarsa ta saba tsayawa. Nelda ta sa ƙaramar giya, motar ta ɗaga hanci a tsani na farko, sai Merrill ya shiga kaɗa hannu da sanda a tare, yana ta magana. Ta taka birki, ta leƙo.

"Tsoho, ƙuda kake kora ko ni kake wa nuni?"

"Na ce ki ba ta wuta kaɗan."

"Ba na jin ka, inji na kuka. Ina tayar hagu za ta taka?"

Ya dubi dutsen, ya daɗe yana dubawa. "Ban sani ba," ya ce. "Ni a kujera nake jin ta."

Ta ja birkin hannu, ta sauko. Ta tsaya tana kallon bonet ɗin da ya toshe mata duniya, sannan ta dube shi.

"Ashe ba ka ganin komai a can ciki?"

"Ina ganin hannunki."

Ta cika aljihun rigarta da fararen tsakuwoyi, ta hau tsanin da ƙafa kamar yadda ta saba, tana ajiye tsakuwa ɗaya a duk inda tayar hagu ta gaba za ta taka. Goma sha bakwai na ƙirga. Ta karɓe sandar daga hannun Merrill, ta jingina shi da bangon dutse inda zai tsaya daram.

"Aikinka ka kawo tayar kan tsakuwa, ɗaya bayan ɗaya. Ban da wa'azi."

"Shekara arba'in da huɗu ina direba, yau na koma karen mota."

"Karen motar ma sabon shiga."

Tsani na farko ya wuce lafiya. Na biyu ma haka, sai dai bayan motar ya goga dutse kaɗan, Merrill ya runtse ido kamar haƙorinsa aka taɓa. Nelda ta daina neman ganin ƙasa. Daga inda nake ina hangen fuskarta ta gilashi, idonta a kan hannunsa kawai.

A tsani na uku, saura tsakuwa huɗu, tayar gaba tana kan layi daidai, sai Merrill ya dunƙule hannu.

Ta gaya mini daga baya cewa ta san layinta daidai ne, ita ta shimfiɗa shi, kuma tsayawa a wannan gangaren ya fi wucewa wuya. Ƙafarta tana kan totur. Amma hannu ya ce tsaya, ta tsaya.

"Me kuma?"

"Sa birkin hannu ki zo ki gani."

Tayar baya ce. Ambaliyar Agusta ta rarake ƙarƙashin wani falalen dutse ta gefen rami, sama lafiya lau, ƙasa fanko. Da ƙafa ba a gane shi, sai da nauyin mota ya fara hawa bakinsa ya ɗan nutsa. Merrill, wanda ya yi rayuwarsa yana gyaran hanyoyin da ruwa ya ci, ya ga yashi na zubowa daga ƙarƙashi kafin dutsen ya motsa.

Nelda ta durƙusa ta zura hannu cikin ramin har gwiwar hannu. Ta tashi ta kakkaɓe.

"To, ka cancanci abincinka na yau," ta ce.

Ta ɗan ja motar baya bisa nuninsa. Suka yi awa ɗaya da rabi suna cike ramin, ita tana ɗauko duwatsu, shi yana zaune a ƙasa yana jera su yadda ake jera harsashin hanya, manya a ƙasa, ƙanana a tsakani. Na miƙa hannu zan ɗauki ɗaya, ta harare ni, na ajiye. Ta matsar da tsakuwoyi huɗun da suka rage taku ɗaya zuwa bango. Ƙarfe ɗaya saura kwata motar ta haye.

A saman Matakala akwai wani tudu inda waya ke kamawa, daga nan babu kuma sai an dawo. Nelda ta kira 'yarta, ta buɗe muryar wayar don mu ji.

"Mun haye. Ki ba mai sayen nan haƙuri, motar ba ta sayarwa ba ce."

"Wa ya tuƙa?"

"Ni."

"Baba fa?"

"Yana nan. Ya fara koyon aiki, yana da ɗan basira."

Karleen ta tambaya ko sun ɗauki maganin ƙafarsa. Sun ɗauka.

Da la'asar muka isa maɓuɓɓugar. Suka kafa tanti a kan tudu, nesa da bakin ƙorama. Nelda ta zauna a kujerar da ake naɗewa, ta miƙe ƙafa, ta ce a iya saninta direba ba ya girki. Merrill ya jawo buhun dankali da albasa gabansa, ya tambaye ta inda take ajiye wuƙa.