Yunwar da Na Saya da Tsada a Jos

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Zariya, ni da maiɗakina da wani aminina da ke tuƙi. Abu biyu ne suka fito da ni: gaida Yayata da ke aure a Jos, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, da kuma cin abinci a wani shahararren gidan abinci da na kalli hotunansa a waya har na fara mafarkinsa. Saboda shi na kafa doka a mota, kada wanda ya sa komai a baki. Wajen Pambeguwa muka sha ramuka, irin waɗanda in akuya ta faɗa sai an nemo tsani. A Saminaka mata suka kewaye mu da gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa, araha kamar kyauta. Na ɗaga gilashi ina haɗiyar yawu.

Muna fara hawan duwatsu sanyi ya yi mana sallama. Da muka shiga Jos, a kasuwar Farin Gada na ga kabejin da ya fi kaina girma, kuma jama'a sun shaida kaina ba ƙarami ba ne. Ga karas, ga tumatir kwando-kwando, 'yan dako na loda manyan motoci suna "Oga, matsa!"

Gidan Yaya yana bayan kasuwar. Tun daga zaure ƙamshin gwaten acca ya tarbe mu. Ashe tun jiya take rege accar saboda tsakuwa, ta zuba yakuwa da gauta da ƙashi mai ɓargo. Ni kuma da bakina marar birki na ce, "Yaya, a ajiye wannan, yau abincin manya za mu ci. Ɗauko mayafinki." Ta dube ni, ta mayar da murfin tukunya, ta ce, "A dawo lafiya, Alhaji." Matar da tun haihuwata Auta take kirana! Maiɗakina ta take min ƙafa, amma magana ta riga ta fita.

Gidan abincin dai ya haɗu, ba ƙarya. Gilashi ko'ina, kana zaune kana hangen duwatsu, ma'aikata kamar angwaye. Aka dire mana faranti mai faɗin tayar mota. A tsakiyarsa shinkafa ce cikin ludayi ɗaya, da tsokar kaza da aka ɗora wa ganye kamar hula. Aminina ya lamushe nasa ya gyara zama, wai yana jiran ainihin abincin. Kazar ta fi garin sanyi, gishiri kuwa ko gaisawa ba su yi ba. Na nemi yaji, ma'aikacin ya ce bari ya tambayi oga. Har yau yana tambaya. Abin da na biya zai sayi buhun dankali har da kuɗin dako.

Bayan la'asar muka dawo, ina lissafin gwate a zuci. Sai ga tukunya wankakkiya a kife. Yaya ta rabar wa maƙwabta tas, kuma gaisuwata ma da ka ta amsa. Yunwa ban damu da ita ba kamar wannan shirun. Muna zaune sai sallama ta fara. Ashe a unguwar ba a mayar da kwano wayam. Iya, Bayarabiya matar tela, ta shigo da alala. Wata 'yar Birom mai sayar da ganye a kasuwa ta kawo soyayyen dankali yana turiri. Matar liman ta dawo da masa da miyar taushe.

Yaya ta jera kwanukan gaban maiɗakina da aminina, ta ce, "Shi a ƙyale shi, ya ƙoshi da na manya."

Na durƙusa da furfurata na ce, "Yaya, wallahi ko na yara ban samu ba."

Ta danne, ta danne, sai dariya ta ƙwace mata har da hawaye. "Matso, Auta, kafin ka faɗi min a tsakar gida." Na ci har sai da na kwance tazuge.

Washegari muka juyo, mun iso Zariya lafiya kafin azahar, alhamdu lillahi. Abin da na koyo shi ne, in ka sauka gidan wanda ya ɗora tukunya dominka, ka wanke hannu ka zauna, sauran yawo ya biyo baya. Allah Ya saka wa matan nan uku da alheri, sun ciyar da baƙon da ba su ma san ya yi laifi ba, Ya kuma bar min Yayata.