Malfar da Ban Taɓa Gani Ba

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safe ne, ranar Talata. Mu uku ne a inuwar gawo: ni, da maƙerin garinmu, da gwaggona tana saƙar faifai. Shekarar fari ce, wadda shanu suka riƙa faɗuwa a bakin hanyar Gazawa.

Ga abin da idona ya gani. Na farko, wani mutum ya fito daga bayan rumbun kawuna da damin gero a kafaɗa. Na biyu, bayansa kawai muka gani. Na uku, ya shige kwari ya ɓace. Geron iri ne, wanda kawu ya hana ko 'ya'yansa taɓawa.

A garinmu ba a tambayar shaidu ɗaya-ɗaya. Ana tara su a zauren mai gari tun hantsi, su jira tare. Washegari muna zaune can, mai unguwa ya leƙo ya dube ni.

"Kai ɗan lakol, mai karatun boko, kai ke da ido. Malfar Bafillacen nan, mai jan baki ce ko baƙi?"

Maƙeri ya ce, "Ja ce mana! Ni da ke wuni gaban wuta, ja zai ɓace mani?"

Gwaggo ta ce, "Tafi can, hayaƙi ya gama da idonka. Amma sanda kam, na gan ta."

Kafin azahar, wallahi ni ma ina ganin malfar, har da igiyarta. Na faɗa gaban mai gari, zuciyata ko ɗar.

Bafillace ɗaya ne kusa da mu. Shekara da shekaru shanunsa na kwana a gonar kawu su bar taki, shi kuma ya shayar da su a rijiyarmu. Biyar suka rage masa, kuma hukuncin da mai gari ya yanke shi ne a hana shi rijiyar. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in kun hana ni rijiya, kun yanka su." Aka hana shi. Ya kora su ya nufi Cadawa, kuma masu zuwa kasuwa sun ce ko ɗaya ba ta kai ba.

Da ruwan farko ya sauka, ƙanen kawu ya durƙusa gabansa yana kuka. Shi ya ɗauki damin, matarsa na goyo, kwana uku ba su dafa ba. Ƙanen kawun nan bai taɓa mallakar malfa ba.

Ban yi ƙarya da gangan ba, kuma abin da ke razana ni ke nan. Har yau in na rufe ido, malfar na nan a kansa.

Kai mai karatu, ina roƙonka abu guda. In aka kira ka shaida, ka faɗi naka tun kafin ka ji na wani, kuma in mai tambaya ya ambaci abin da ba ka faɗa ba, ka tsayar da shi.