Ranar da na hana a kashe Guguwa

"Malam, dube ta da kyau kafin su kai ta bayan gari."

Baba Tanko ne, wani mafarauci a Fagge, yake roƙona. Masu kamen karnuka sun cafke karyarsa Guguwa a Sabon Gari, wai ramarta ta ciwo ce, sai kisa. A shekarun 1950 ne, ban daɗe da gama makarantar aikin dabbobi ba.

Na buɗe bakinta. Dasashi ja, ido garau, hanci da danshi. Haƙarƙari a fili kam, amma cinya cike da tsoka.

Shugaban masu kamen ya ce, "Yaro, wannan tarin ƙashin za ka kira lafiyayya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙirarta ce haka: faffaɗan ƙirji, siririn ƙugu, dogayen ƙafafu. Ranar da ta yi ƙiba, zomo tsayawa zai yi yana mata dariya."

Ya harare ni, ya kwance igiyar da suka ɗaure ta da ita.

Bayan sati sai ga Baba Tanko da yankakken zomo. Ya ce, "Ita ta aiko ni."

Har na yi ritaya ban karɓi tukuicin da ya kai wannan ba. Masu karen farauta, har yau ana yi muku gorin rama?