Idon Da Aka Jira Ya Nuna

A shekarata ta farko da fara aiki aka turo ni Wudil, ɗakin duba ido na wani asibiti, ɗakin da bai fi rumfar mai shayi girma ba. Na fito daga makaranta ina ji da kaina. Auna ido a ba mutum tabarau kam, ko daga barci aka tashe ni zan yi. Ciwon da ba ya warkewa kuwa, a littafi kawai na san shi.

Wata Juma'a, ranar kasuwa, dattawa biyu suka shigo riƙe da sanda ɗaya, ɗaya a gaba yana jan ɗaya. Na gaban masunci ne da ya daina shiga kogi ya koma gyaran komar kamun kifi. Na bayan amininsa ne tun ƙuruciya, idanunsa duka biyu fari fat da yana. Ya ce tun da daɗewa aka ce masa ya bari sai yanar ta nuna, to ga shi ta nuna. Na sa sunansa cikin waɗanda likitocin Kano za su yi wa aiki idan sun zo.

Har sun juya za su fita, sai na gaban ya bugi ƙyaure da kafaɗa. Na lura sai ya juya kansa gaba ɗaya kafin ya ga abin da ke gefensa.

Na ce, "Baba, kai ma zauna in duba ka."

Ya yi dariya. "'Yar nan, ni ɗan rakiya ne. Idona garau, ko ƙaiƙayi ba ya yi."

Da ƙyar ya zauna. Idon hagu ya riga ya mutu bai ma sani ba. Na dama kuwa saura ɗan gani a tsakiya, kamar mai leƙe ta kafar makulli. Hawan jinin ido ne, ya ci jijiyar ganin saura ƙiris. Na kira wata babbar likita a Kano da ta koyar da ni, muka tsara maganin da zai riƙa ɗigawa. Ta ce in riƙe wannan ɗan ganin da hannu bibbiyu, shi ke nan abin da ya rage masa.

Na yi masa bayani dalla-dalla. Nasa ba yana ba ce. Abin da ya tafi ya tafi, maganin tsare ragowar kawai yake yi, kuma ba a dainawa har ƙarshen rai. Yana ta cewa, "To, to, Allah ya yi albarka." A lokacin ban san dattijon ƙauye ba ya musu da likita ba, ko da jikarsa ce. "To" ɗinsa ladabi ne.

Da farko abin ya tafi daidai. Yana zuwa, ina aunawa, hawan yana sauka. Har tsokanata yake yi wai na fi uwargidansa mita. Ya ce yana iya zura zare a idon koma, ni kuwa sai in wuni ina murna.

Sai aka yi wa aminin aiki. Baba na tsaye aka cire bandeji, mutumin ya dube shi ya ce, "Ashe haka ka tsufa?" Suka yi dariya har da hawaye.

Daga nan Baba ya ɗauke ƙafa. Na aika da saƙo ta hannun 'yan unguwarsu, aka ce yana nan lafiya lau, yana gaishe ni. Damina ta wuce, aka yi girbi, shiru.

Ranar da suka dawo, sandar nan ce dai, amma aminin ne a gaba. Baba ya sha babbar riga ta zuwa idi, da tabarma a hammata da buta, shirin kwanciya asibiti. Ya miƙo mini ƙunshin bandar kifi, ya miƙa shi wajen da ba na nan.

Ya ce, "'Yar nan, albishirinki. Ya nuna. Yanzu ko rana ba na gani. Sai a sa ni a layin aiki."

Na ce, "Baba, ina maganin?"

Ya laluba aljihu ya fito da kwalaben ƙarshe da na ba shi, ko buɗe su ba a yi ba. "Ai na lura shi ke hana shi nuna. Na ce gara in daure, ya rufe gaba ɗaya a yi aikin sau ɗaya, kamar na wannan."

Wallahi raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa ji ba. Na juya kan aminin na ce kana kallo ya ajiye magani? Bawan Allah ya ce shi ma ya ba shi shawarar, don shi haka aka yi masa. Me zan ce masa? Abin da ya gani da idonsa ya faɗa.

Na haska fitila a idon dama, na sake haskawa. Babu komai. Idon baƙi wuluk, kyakkyawa, ba ɗigon fari ko ɗaya.

Na durƙusa gabansa na ce, "Baba, wannan ba a yi masa aiki. Ba abin da za a cire."

Aminin ya gane. Ya zauna a ƙasa daɓas, ya rufe fuska da hularsa. Baba kuwa ya gyara tabarmarsa a hammata.

Ya ce, "Kada ki damu, 'yar nan. Wataƙila bai gama nuna ba ne. Bari mu koma in ƙara jira."