Yatsu Uku da Suka Daina Lanƙwasuwa

Shekarun baya, a shekarar da sojoji suka mayar wa farar hula mulki, ina aiki a wani ƙaramin kamfanin kwamfuta. Mu huɗu ne, ni ne mai rubuta furogiram, abin da yanzu kuke kira manhaja. A gidanmu na Jakara ba wanda ya san takamaiman aikina. Idan aka tambayi mahaifiyata sai ta ce, "Takardu yake bugawa a cikin talabijin."

Ana tsakiyar kamfe na hau acaɓa zan tafi ofis. A Ƙofar Mazugal muka yi kiciɓis da ayarin 'yan siyasa, mai babur ya kauce wa wata mota muka zube, ta bayanta ta bi ta kan hannuna na dama. Bayan an kwance ɗauri likita ya ce babban yatsa da manuni za su ɗan motsa, sauran ukun kuwa jijiya ta tsinke, sai haƙuri.

Ranar da na koma ofis na zauna gaban kwamfutata, ta nemi fasawod. Shekara biyu ina buga shi kullum, amma na neme shi a kaina na rasa. Ashe yatsuna ne suka haddace shi, ba ni ba. Na ɗora hannun a kan kibod ko zai tuna, ya kwanta kamar ba nawa ba. Sai da abokin aikina, mai gyaran injinan, ya buɗe mini ta wata hanya.

Ba fasawod kaɗai ba ne. A da, tunani da bugu tare suke zuwa mini, ban san wanne ke riga wani ba. Yanzu kafin hagu ta lalubo harafi na uku na manta abin da nake son faɗa wa injin. Muka gwada ni in faɗa, abokina ya buga.

"Buɗe baka."

Ya buɗe bakinsa yana kallona.

"Malam, a kibod nake nufi."

Muka yi dariya, amma ranar layi goma ba mu gama ba. A hanyar gida na yi ta tambayar kaina, shin dama na iya aikin nan, ko hannu ne ya iya nake cin albarkacinsa?

Kowa ya kawo shawara. Maigidana ya ce in bar bugu in riƙa zuwa wajen kwastomomi, tunda ina da baki. Kawuna, wanda ya gaji sayar da turare a Kurmi tun daga kakanninmu na Tarabulus, ya ce, "Ka zo shago. Turare hanci yake so, ba yatsu ba." Kowanne na ce masa to. Da safe in tashi da niyyar ajiye aiki, kafin azahar in fasa, bayan la'asar in tsinci kaina a shagon kawu ina shinshina kwalabe, duk ƙamshinsu ɗaya a wajena.

Ga kuma aiki a wuyana. Kafin haɗarin na fara wa wata makaranta furogiram na haɗa sakamakon jarrabawa, yanzu saura sati uku su ba da hutu. Maigidana ya ce, "Idan ba za ka iya ba ka gaya mini, in nemo wani daga Kaduna. Ba zan riƙe ka a rai ba." Na san duk ranar da wancan ya zauna a kujerata, shi ke nan.

Wata Asabar da hantsi ina tsakar gida na yi tagumi, mahaifiyata tana tsince shinkafa. Ta ce, "Wai me ake so talabijin ɗin ya yi?"

Don kada in yi mata shiru na fara bayani. Za a ba shi makin kowane yaro, ya tara, ya jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe.

"To idan yara biyu suka ci daidai fa?"

"Duk su zama na ɗaya, Hajiya."

"Mai bi musu kuma na biyu ne ko na uku?"

Wata biyu na yi a kan aikin da hannu biyu lafiyayyu, wannan tambayar ba ta taɓa zuwa mini ba. Na ci gaba da yi mata bayani mataki mataki, tana tsinta tana katse ni. Kafin ta kai ƙarshen faranti na ga furogiram ɗin gaba ɗaya a kaina, ban taɓa kibod ba.

Daga nan na sauya tsari. Sai na faɗi abu da baki har ya zauna, sannan in buga da hagu a hankali, manunin dama yana taya ni danna manyan maɓallai. Abokan aikina sun ɗauka na fara zautuwa, ina zagaya ofis ina magana da bango. Na miƙa aikin saura kwana biyu hutu. Shugaban makarantar ya duba takardun da firinta ta fitar, ya ce a aji uku akwai na biyar guda biyu, babu na shida, ko injin ya lalace? Na ce a'a, haka ya kamata.

Yau ina nan cikin sana'ar. Matasa kan tambaye ni ko raunin ne ya sa na ƙware, suna jiran in ce e. Gaskiya ban sani ba. Na rage kuskure, na kuma rage sauri, kuma da za a mayar mini da yatsuna yau da gudu zan karɓa. Abin da na sani kawai shi ne ban taɓa zama na yanke shawarar ci gaba ba. Kawuna ma har ya rasu ban ce masa na fasa zuwa shago ba, shi kuma bai sake tambaya ba. Kullum dai gari ya waye sai in ga akwai layi ɗaya da ban gama ba, in je in gama shi.